Zaren da Ya Tsinke a Cikin Kwalba

Shekara ta uku ke nan da sojoji suka koma bariki, garin Katsina ya cika da fastocin siyasa da masu neman takara, lokacin da Alhaji Lado ya buɗe asibitinsa a bayan Ƙofar Marusa. Ɗan kasuwa ne, taki da siminti yake sayarwa, amma idonsa na kan kujerar majalisa. Ya kuma lura babu abin da ke shiga zuciyar mutane kamar ka taimaki majinyacinsu. Ya gina asibitin, ya shafe shi da farin fenti, ya aika aka kira masa Dakta Ramla Mudassir ya damƙa mata ɗakin gwaje-gwaje.

Ramla 'yar Ƙofar Durɓi ce. Ba likitar duba marasa lafiya ba ce, karatunta na binciken ƙwayoyin halitta ne. Shekara shida ta yi a ƙasar waje tana aiki a inda ake ƙoƙarin warkar da cututtukan gado ta wata sabuwar hanya. Masana kan ɗauki 'yar ƙwayar bairos, su kwashe mugun abin da ke cikinta, su bar ɓawon, sannan su ɗura masa zaren DNA mai ɗauke da gyaran da ake so ya isa jikin mutum. Bairos ɗin ya zama ɗan aike ke nan. Aikin Ramla a can shi ne ta buɗe jakar ɗan aiken ta duba: akwai saƙo a ciki ko babu? In akwai, cikakke ne ko ya yage? Da mahaifinta ya rasu ta tattaro ta dawo gida, ta zo da 'yan kayan aikinta a akwati biyu. A asibitin Alhaji Lado gwajin jini take yi wa masu shirin aure, don a san wanda ke ɗauke da sikila. Wanda ke taya ta shi ne Baba Joshua Didam, dattijo daga kudancin Kaduna, wanda ya yi shekara talatin a ɗakunan gwajin gwamnati kafin ya yi ritaya.

Wata Litinin da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, Alhaji Lado ya aiko a kira ta ofis. Ta tarar da shi da wani baƙo mai kwat, wanda aka ce daga Legas ya zo, da wata kula mai ruwan bula a kan tebur. Bayan an gaisa, an tambayi gida da zafi da gajiya, Alhaji ya buɗe kular da kansa. Ƙananan kwalabe ne arba'in a jere, ƙanƙarar da aka zuba musu ta narke ta zama ruwa.

"Dakta, ga abin da kika karanto ya biyo ki har gida," in ji shi, bakinsa har kunne. "Maganin sikila. Allura ɗaya, an gama. Ran Asabar za mu yi taro a fara yi wa mutane kyauta. Sa hannunki kawai nike so a wannan takarda, cewa kin duba, lafiya lau yake."

Ramla ta ɗauki takardar kamfanin da baƙon ya miƙo. An rubuta cewa kusan duk ƙwayoyin cike suke da zaren, kuma tsawonsa harafi dubu huɗu da ɗari bakwai ne, don da haruffa ake ƙirga tsawon zaren DNA. Ta juya takardar, ba lambar waya, ba sunan wanda ya yi gwajin.

"Ranka shi daɗe, ni dai har na baro can ban ji inda aka warkar da mai sikila da wannan ba. Bincike ake, ba a kai ga mutane ba."

Baƙon ya yi murmushi ya ce ai ilimi ba ya jiran kowa, tun da ta baro an ci gaba.

"To madalla," in ji ta. "A ba ni kwalba uku, ni zan zaɓa da hannuna. A ba ni kwana uku."

"Ba sai kin wahalar da kanki ba, ga takardar masu shi."

"Su suka sa hannu a tasu, Alhaji. Wannan sunana za a rubuta."

Ta ɗauki ɗaya daga gaba, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa.

Washegari da sassafe suka fara. Ta fara zuba wa ruwan kwalaben wani sinadari mai cinye duk wani zaren da ke yawo a waje, don kada ya ruɗe ta, abin da ke cikin ɓawo kaɗai take son gani. Sannan ta dafa ƙwayoyin da wani sinadarin har ɓawon ya fashe. Baba Joshua ya narkar da garin jel ya zuba a tire, ya daskare kamar kamu, da ƙananan ramuka a jere a bakinsa. Suka ɗiga ma'auni a ramin farko, wato zaruruwan da aka riga aka san tsawonsu, suka ɗiga kwalabe ukun a ramukan da ke biye, suka jona wuta.

"Ƙara yi mini bayani, Dakta," in ji dattijon, yana gyara tabarau. "Mi za mu gani?"

"Wuta za ta ja su su ratsa jel ɗin, Baba. Gajere ya fi sauri, dogo yana baya. In zaren cikakke ne, duk tsawonsu ɗaya, za su tsaya wuri ɗaya su yi layi siriri mai haske, nan daidai tsakanin dubu huɗu da dubu biyar. In kuwa ya tsittsinke, kowa zai tsaya inda ƙarfinsa ya kai shi."

Bayan awa biyu suka ja labule, ta ɗora jel ɗin kan fitila mai shuɗin haske. Ma'aunin ya fito tsaf, kamar matakalar tsani. A ramin kwalbar farko babu komai sai duhu. Na biyu ma haka. A na uku akwai wani dishi-dishin haske da ya zarce ƙasa, kamar an goge alli da hannu. Inda layin ya kamata ya tsaya, wayam.

Baba Joshua ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ko mu ne muka yi kuskure?"

"Shi ya sa za mu sake."

Suka sake ran Laraba, wannan karon ta haɗa da wani zaren nata da ta san lafiyarsa, ta bi da shi duk matakan da ta bi da na kwalaben. Nata ya fito da layinsa sarai, na kwalaben suka maimaita abin da suka yi jiya. Ta kunna injin da ke ninka zare don neman kan saƙon da wutsiyarsa. A kwalba ta uku ta sami kan, ba ta sami wutsiyar ba. Shi kuwa Baba Joshua, ba tare da ta ce masa ba, ya shafa ɗigon kowace kwalba a faranti ya sa a ɗumi. Ran Alhamis da safe ya kawo mata farantin kwalba ta biyu, ya tsiro da fararen ɗigo-ɗigo. Ƙwayoyin cuta ne masu rai a cikin abin da za a ɗura wa mutane a jijiya. Ta ɗauki hoton jel ɗin da na farantin, ta wanke kowanne kwafi uku.

Kafin ta je wurin Alhaji, sai ga Jummai ta shigo. 'Yar gwaggonta Tani ce, malamar firamare a Batagarawa, shekararta ashirin da shida, kuma tun tana goye take fama da sikila. Ƙannenta biyu ciwon ya ɗauke. Ta sha lalle, ta ɗaura sabon atamfa.

"Yaya Ramla, ni ce ta farko a jerin masu allurar! Inna ta je ta roƙi Alhaji da kanta. An ce ke kike dubawa, na ce to shi ke nan, hankalina ya kwanta."

Ramla ta zaunar da ita, ta ɗauko hoton ta nuna mata ma'aunin, ta nuna mata inda layin ya kamata ya fito. Ta yi mata bayani a hankali, har sau biyu. Fuskar Jummai ta riƙa sauyawa.

"To in babu komai a ciki, ai ba zai cutar da ni ba. A yi mini. Wataƙila tawa kwalbar mai kyau ce."

"Akwai ƙwayoyin cuta a ɗaya daga cikin ukun da na duba. Ke kin san jikinki, zazzaɓi kaɗan kwantar da ke yake. Wannan cikin jini za a sa shi."

"Uku kika duba cikin arba'in."

"Uku na duba, ukun duka ba su da kyau."

Jummai ta miƙe tsaye. "Ke ba ki san mi ake ji ba. Ba ki taɓa kwana kina jin kamar ana sara ƙashinki da gatari ba. Shekara ashirin da shida ina jira wani ya ce mini ga magani, yau an ce, ke kuma kin zo da hoto. Jikina ne, Yaya. In mutuwa ce, da ma ita nike jira."

"Jikinki ne. Amma hannun da za a sa a takardar nawa ne, kuma ba zan sa ba."

Jummai ta ja gyalenta ta fita, ko sallama babu. Ramla ta zauna ta kifa kai a kan tebur na ɗan lokaci. Sannan ta wanke fuska, ta ɗauki hotunan ta nufi ofis.

Alhaji Lado ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Ba mugun mutum ba ne, ita ma ta san haka. Ya riga ya gayyaci mutane, an sanar a rediyo, an buga hotonsa da kwalbar a hannu. Ya tura hotunan gefe da ɗan yatsa.

"Ɗiyata, na san mahaifinki, Allah shi jiƙan shi. Kayan aikinki a akwati kika kawo su, sun sha hanya. Kina nufin ɗan ɗakin nan naki ya fi kamfanin Turawa sani?"

"Ina nufin a aika kwalaben duk inda kake so, ranka shi daɗe, jami'a ko hukumar magunguna. In suka ga layin da ban gani ba, zan fito gaban jama'a in ce na yi kuskure. Amma a dakata da allurar."

"Jibi ne taron."

"A ɗaga."

"Ba a ɗaga irin wannan." Ya sassauta murya. "Da a lokacin soja ne, sai dai ki ji umarni. Ni roƙonki nike."

"A lokacin sojan ma Baba Joshua ya ƙi sa hannu a kan ruwan rijiyar da bai gwada ba, aka tura shi ƙauye shekara huɗu. Yanzu kuwa da ku kuke yawo gida-gida kuna cewa kowa ya faɗi gaskiyarsa, ni ga tawa na faɗa."

Ya miƙo hannu alamar ta ba shi makullin ɗakin gwaji. Ta ciro ta ajiye masa a kan tebur, ta kwashe hotunanta.

Ran Juma'a ta rubuta takarda zuwa ofishin hukumar kula da magunguna, ta haɗa da hotuna, ta kai da ƙafarta. Aka ce mata shugaban ya yi tafiya, sai Litinin. Ta bar takardar, ta sa magatakarda ya buga mata hatimi a kwafinta. Da ta koma gida ta tarar da Gwaggo Tani a tsakar gida tana kuka, tana cewa boko ya ƙeƙasar da zuciyar Ramla, tana baƙin cikin 'yar'uwarta ta warke. Da gwaggon ta tafi, mahaifiyar Ramla ta dube ta.

"Kin tabbata da abin da kika gani?"

"Na tabbata, Inna."

"To ki ci abinci."

Ran Asabar da safe aka kafa rumfuna a ƙofar asibitin. Mata da 'ya'yansu masu idanu rawaya-rawaya sun cika kujeru, wasu daga Batagarawa, wasu daga ƙauyukan da suka fi nan nisa. 'Yan jarida biyu sun zo da rakoda. Ramla ta zo ta tsaya can baya, niyyarta ta bi iyayen ɗaya bayan ɗaya ta yi musu magana. Baba Joshua ya zo ya tsaya kusa da ita da rigarsa ta zuwa coci. Sai ta ji mai gabatarwa yana cewa a lasifika:

"Kuma 'yarmu ta gida, ƙwararriya, Dakta Ramla Mudassir, ta duba wannan magani da na'urorinta ta tabbatar da ingancinsa!"

Aka yi tafi. Ramla ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ba ta san lokacin da ta fara ratsa kujerun ba. Wani ɗan banga ya tare ta, Baba Joshua ya ce masa, "Kai, ba ka ji an kira sunanta ba? Ba ta hanya." Mai gabatarwar ya ɗauka godiya ta zo yi, ya miƙa mata makirfo da kansa.

Ta yi sallama, aka amsa. Ta riƙe makirfon da hannu biyu.

"Ni ce Ramla da aka ambata. Gaskiya ne na duba, amma ban tabbatar ba. Kwalba uku na gwada. Biyu babu maganin a cikinsu, ɓawo ne kawai. Ta ukun abin da ke ciki ya tsittsinke. Ɗaya kuma akwai ƙwayoyin cuta masu rai. Ga hoton nan, duk mai so ya zo in nuna masa. Ƙanwata ce ta farko a jerin nan. Wallahi da magani ne, da ni zan riƙe mata hannu a yi mata."

Aka kashe lasifikar. Ta ajiye makirfon ta ɗaga murya da bakinta.

"Ba na hana kowa. Amma kada a ce muku ni na ce yana da kyau!"

Wuri ya ruɗe. Wasu matasa suka fara ihu cewa 'yan adawa ne suka saye ta. Wata mata ta jefo mata ledar ruwa ta fashe a kafaɗarta. Ramla ba ta gusa ba, ta ɗaga hoton sama. Sai wani tsoho mai rawani, wanda ya zo da jikokinsa biyu, ya taso da sandarsa ya zo gabanta.

"Nuna mini, ɗiyata. Ban yi boko ba, amma ina da ido."

Ta nuna masa tsanin, ta nuna masa layin zarenta mai kyau, ta nuna masa ramukan kwalaben. Ya kalla, ya kalla, ya juya wajen baƙon mai kwat da ke zaune a babban tebur.

"Kai mai magani, ita ga nata hoton. Ina naka?"

Baƙon ya ɗaga takardar kamfani. Tsohon ya ce ba rubutu ya tambaya ba, hoto irin wannan yake so mai layi. Baƙon ya fara Turanci. Tsohon ya kama hannun jikokinsa ya yi gaba. Mata uku suka bi shi, sannan biyar. Nas ɗin da aka ba tiren allura, wata mai suna Naomi, ta ajiye tiren a kan tebur ta naɗe hannuwanta, ta ce ita ba za ta tsira wa kowa ba sai likita ya rubuta ya sa hannu. Likitan asibitin ya duƙar da kai yana duba takalminsa.

Alhaji Lado ya miƙe. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, amma ɗan kasuwa ne, ya san lokacin da ciniki ya watse. Ya sa aka kunna lasifika ya ce saboda kishin lafiyar jama'a, ya ɗage allurar har sai hukuma ta duba. Bai kalli inda Ramla take ba.

Jummai na zaune a layin gaba, ba ta tashi ba har aka fara kwashe kujeru. Da Ramla ta matso, ta kau da kai.

Ran Talata jami'an hukuma suka zo suka tafi da kular. Baƙon ya riga ya bar gari tun daren Asabar. Bayan wata biyu sakamako ya dawo, bai saɓa da nata ba, sai dai babu wanda ya sanar a rediyo. Alhaji bai mayar da ita aiki ba, ya dai aiko mata da akwatunanta biyu har gida. Baba Joshua ya ajiye aikin shi ma. A unguwa wasu suna gaishe ta da girmamawa, wasu kuwa har gaba suka ɗaura da gidansu, suna cewa ta tsaya tsakanin yaransu da sauƙi. Ta share shagon mahaifinta da ke zaure, ta sa labule mai kauri, ita da dattijon suka ci gaba da gwajin masu shirin aure.

Da damina ta kankama ciwon Jummai ya tashi, aka kwantar da ita, aka ce tana buƙatar jini. Ramla ta je ta bayar ba tare da ta shiga ɗakin ba. Kwana biyu bayan haka Gwaggo Tani ta aiko cewa mara lafiya na kiranta.

Ta same ta a jingine da filo, ta rame, leɓɓanta sun bushe. Suka gaisa sama-sama.

"An ce jininki ne," in ji Jummai.

"Nawa ne."

"Kada ki ɗauka na huce."

"Ban ɗauka ba."

Jummai ta kalli ruwan da ke ɗiga daga leda zuwa hannunta. Can ta ce, "Maganin gaskiyar fa? Akwai ranar da zai zo, ko shi ma zance ne?"

"Ana aikinsa. Ban san shekara nawa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Goma, ashirin, Allah kaɗai ya sani."

"Ashirin." Ta yi 'yar dariya mai ciwo. "Likitan da ya fara duba ni ce wa Inna ya yi ba zan kai sha biyar ba. To ki gaya wa masu aikin su yi sauri, ni dai ina nan, ba inda za ni." Ta gyara kwanciya da ƙyar. "Miƙo mini kofin can. Kuma ki ce wa hedimasta kada ya ba kowa ajina, sati mai zuwa zan koma."